Ajin rawa lokacin korona: a kai yaro ko a bar shi a gida ya koya ta manhajar bidiyo ta Zoom?

Gaskiya abin da ya fi ba iyaye tsoro a ajin rawa shi ne iska. Yara suna tsalle suna haki a ɗaki rufaffe, AC na aiki tagogi a kulle, to ta numfashin nan korona ke yawo. A garin Cheonan na Koriya ta Kudu a 2020 mutum 112 suka kamu ta ajujuwan rawar motsa jiki, masu rawar manya ne dai, kuma an lura inda ɗalibai ba su kai 5 ba ba a samu wanda ya kamu ba. Kenan cunkoso ne matsalar. Yara galibi ba ta musu tsanani, amma fa su za su kwaso ta su kai wa kaka mai ciwon suga ko hawan jini.

Zoom kuwa babu wannan fargabar sam, sai dai data da wuta, netwok ya tsaya malama na hagu yaro na dama, ba mai gyara masa ƙafa, falo ƙarami ga kujeru, bayan sati biyu ya gaji ya koma kallon katun.

Ni dai in akwai tsoho ko mara lafiya a gida, Zoom kawai. In babu, a nemi ajin da ake yi a fili ko tagogi a buɗe, yara kaɗan, tazarar mita 2, kowa da robar ruwansa, mai tari ko zazzaɓi ya zauna gida.