Sharhi kan Jadawalin Maki na Gasannin Haɗaka

Duk wanda ya taɓa kallon gasar dekatlon, wadda ɗan wasa ɗaya ke yin wasanni goma a cikinta ana tara masa maki, a talabijin ya san yadda ake ganin ɗan wasa ya zo na huɗu a tsere, amma idan aka nuno allon sakamako sai a tarar shi ne a sama. Abin da ke warware wannan ruɗani shi ne jadawalin maki na hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, World Athletics, wanda aka fara aiki da tsarinsa na yanzu tun 1985, kuma a ganina babu mai horarwa ko ɗan kallo da ya kamata ya zauna gaban wannan gasa ba tare da shi ba.

Jadawalin ya kasu bisa ga gasanni, kuma sunayensu na Girkanci ne da ke nuna adadin wasanni. Dekatlon wasanni goma ne na maza cikin kwana biyu: tseren mita 100, dogon tsalle, jifan dalma, tsallen sama da tseren mita 400 a rana ta farko, sai tseren tsallake shinge na mita 110, jifan faifai, tsallen gwangwala, jifan mashi da tseren mita 1500 a rana ta biyu. Heftatlon wasanni bakwai ne, fentatlon kuma biyar. A nan ne mai amfani da jadawalin ya kamata ya yi hattara, domin heftatlon da mata ke yi a fili daban yake da wanda maza ke yi a rufaffen ɗaki, kuma fentatlon na wannan jadawali ba shi da alaƙa da fentatlon na zamani da ake yi a gasar Olamfik, wanda ya ƙunshi ninƙaya da wasan takobi da harbi. Wanda ya buɗe shafin da ba nasa ba zai fito da lissafin da babu ruwansa da gaskiya.

Babban abin da na yaba shi ne babu son rai a cikinsa. Kowane wasa yana da iyakar da ba ta kawo maki ko ɗaya, kamar daƙiƙa 18 a tseren mita 100 ko minti takwas a tseren mita 1500, kuma daga nan makin ke hawa, ana zubar da duk abin da bai cika maki ɗaya ba. Hawan kuwa ba a miƙe yake ba, domin an tsara shi yadda ƙarin bajinta a matakin sama zai fi tsada. Wanda ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 12 yana samun maki 651, mai daƙiƙa 11 yana samun 861, mai daƙiƙa 10 kuma 1096. Wato rage daƙiƙar farko ya kawo maki 210, ta biyu kuma 235, kuma wannan adalci ne, tunda kowa ya san ta biyun ta fi wuyar samu nesa ba kusa ba. Saboda tsarin ya daɗe bai sauya ba, ana iya auna maki 7291 da 'yar wasan Amurka Jackie Joyner-Kersee ta samu a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, wanda har yanzu shi ne tarihin duniya a heftatlon, da na 'yan wasan yau kai tsaye.

Sai dai akwai inda ma'aunin ya karkata, kuma wannan ya daɗe yana damuna. Ana samun maki dubu da tsallen mita 7.76 a dogon tsalle, abin da manyan 'yan dekatlon ke yi a kai a kai, amma a jifan dalma sai an kai mita 18.40, a tseren mita 1500 kuma sai an gama cikin minti 3 da daƙiƙa 53.79, alhali mafi yawansu ba sa kusantar ko ɗaya daga cikin biyun. Ranar da ɗan wasan Faransa Kevin Mayer ya kafa tarihin duniya na dekatlon da maki 9126 a Talence ta ƙasar Faransa a 2018, tsallen gwangwala na mita 5.45 ya ba shi maki 1051, tseren ƙarshe kuwa 705 kacal. Saboda haka mai sauri da tsalle ya fi mai ƙarfin jifa ko mai dogon numfashi cin moriyar jadawalin, kuma masu horarwa, waɗanda ba sa son asarar gumi, suna karkata atisaye zuwa inda makin yake.

Ga ɗan kallo, amfaninsa ya fi fitowa kafin wasan ƙarshe. A tseren mita 1500 kowace daƙiƙa tana daidai da maki shida zuwa bakwai, don haka idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu maki 65 ce, mutum zai san cewa na biyun yana bukatar ya riga abokin karawarsa isa da kimanin daƙiƙa goma kafin ya ƙwace zinare.