Zango ɗaya a Jamus ta shirin musayar ɗalibai: sun iya kai mutum, dawo da shi ne ba su iya ba

Wata bakwai ke nan da dawowata, sai yanzu na ji zan iya zama in rubuta ra'ayina kan shirin musayar ɗalibai da ya kai ni wata jami'a a arewacin Jamus na zangon karatu ɗaya. Da a makon da na sauka na yi rubutun, yabo zalla za ku karanta. Da bayan wata biyu ne kuwa, ɓacin rai ne zai riƙe alƙalamin. Ƙannena na sashenmu sun dame ni da tambayar ko su ma su nemi shirin, shi ya sa na ga gara in baje komai a faifai, mai daɗin da marar daɗin.

Shirin da na bi yana ƙarƙashin Erasmus+ na Tarayyar Turai. A 1987 aka fara Erasmus tsakanin jami'o'in Turai, a 2015 kuma aka soma irin wannan musaya ta gajeren zama da jami'o'in da ke wajen nahiyar. Amma mai nema ya sani tun farko, ba da Tarayyar Turai zai yi hulɗa ba. Ofisoshi biyu ne ke riƙe da shi: na jami'arsa mai tura shi, da na jami'ar da za ta karɓe shi. Daɗin tafiyar da wuyarta duk suna hannun mutanen da ke zaune a ofisoshin nan biyu, kuma aikinsu nake aunawa a nan.

Kafin tafiya dai, a gaishe su. Ma'aikaciyar da ke kula da baƙin ɗalibai a can ba ta taɓa wuce kwana biyu ba ta amsa mini imel ba, ko da tambayar ƙarama ce. Ita ta fara gaya mini cewa tunda zamana zai wuce kwana 90, bizar gajeren zama ta Shengen ba za ta yi mini ba, sai ta dogon zama, kuma ta turo duk wasiƙun da ake buƙata da wuri. Takarda mafi nauyi a cikinsu ita ce yarjejeniyar karatu, wadda ɓangare uku ke sa wa hannu: ɗalibi, jami'arsa, da jami'ar da zai je. A ciki ake jera kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can da waɗanda za su maye gurbinsu a gida. Turawa na auna nauyin karatu da ma'aunin ECTS, shekara guda 60, zango ɗaya 30, kowane ɗaya kuma yana nufin aikin awa 25 zuwa 30 har da karatun da kake yi kai kaɗai a ɗaki. Ni dai a gurguje na sa hannu, hankalina duk yana kan biza. Wannan takarda ita ta zo ta riƙe mini wuya daga baya.

A ƙarshen watan Satumba na sauka a Farankfot, na hau jirgin ƙasa na tsawon sa'o'i zuwa arewa. Abin da ya fi burge ni a duk shirin shi ne tsarin jagora. Tun kafin in taso an haɗa ni da wata ɗaliba 'yar garin, kuma na same ta tsaye a tasha da sunana a rubuce jikin kwali, da makullin ɗakina a aljihunta. Muka ja akwati har hawa na uku. Ta durƙusa gaban ƙarfen ɗumama ɗaki ta nuna mini maɗaukin da ke gefensa, mai lamba 1 zuwa 5, ta ce in bar shi a 3, in kuma riƙa buɗe taga gaba ɗaya na 'yan mintuna kullum don kada bango ya yi fumfuna. Da za ta tafi sai ta yanko wata 'yar takarda mai danƙo, ta rubuta sunana, ta manna a akwatin wasiƙu na ƙofar gidan. Ta ce idan babu suna a jiki, mai kawo wasiƙa komawa zai yi da ita, kuma katin banki da na inshorar lafiya duk ta nan za su zo. Babu littafin jagora da ya faɗi wannan, amma da ba ta yi ba da na sha wuya.

Ita ta raka ni ofishin rajistar mazauna gari, domin doka ta ce cikin kwana 14 da tarewa sai ka yi rajistar adireshinka, da takardar shaida daga mai gidan. Ita ta fassara mini maganar inshorar lafiya, wadda idan babu ita jami'a ba za ta yi maka rajista ba. Cikin kwana goma na zama cikakkiyar ɗaliba.

Karatun kansa ya buɗe mini ido. Kimiyyar muhalli nake yi, kuma a can na fara riƙe na'urar gwajin ruwa da hannuna, ni kaɗai, ba mu ashirin a kan guda ba. A kwasa-kwasan da na ɗauka babu mai kiran suna, babu mai bin ka da gwaji kowane mako, jarrabawa ɗaya ce a ƙarshe ko rubutu ɗaya mai tsawo, ita ce komai. Wanda ya ɗauki wannan sakewar a matsayin hutu zai gane kurensa a watan Fabrairu. Wani ƙaramin abu ma: idan aka rubuta lacca ƙarfe 10 aka bi ta da haruffan c.t., 10 da kwata ake nufi. Ranar farko na zauna ni kaɗai a aji ina tunanin ko na ɓata hanya.

Wuyar ta zo ne da duhu. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan yini ya fara tsukewa. Zuwa Disamba hasken rana bai kai awa 8 ba, wajen ƙarfe 4 na yamma gari ya rufe. In fita da safe cikin duhu, in dawo cikin duhu, in tarar da ɗaki shiru sai ƙarar ruwa a cikin ƙarfen ɗumama. Akwai makonni uku a Nuwamba da ban yi wa kowa doguwar magana ba sai ta waya. A nan ma ofishin ya yi abin kirki. A makon gabatarwa an zana mana wani layi a allo mai siffar harafin U, aka ce wani masani ɗan Norwe, Sverre Lysgaard, shi ya bayyana shi a 1955 bayan ya yi nazarin 'yan ƙasarsa da suka je karatu Amurka: murna da farko, sai faɗuwar gaba da kewa, sai a hankali mutum ya miƙe. Ba kowa ne ke bin layin daidai ba, amma sanin cewa abin da nake ji yana da suna, kuma wasu sun ji shi kafin ni, ya rage mini tsoro ƙwarai. Sun ba mu lambar mai ba ɗalibai shawara, suna kuma tara mu sau ɗaya a wata. A irin taron nan na samu ƙawaye biyu, ɗaya daga Indonisiya ɗaya daga Kolombiya, waɗanda har yau muke gaisawa.

Kurakurai biyu na gani a can. Kason farko na kuɗin tallafi ya makara da mako biyar, sai da na ci bashi na biya hayar wata na farko, kuma babu wanda ya gargaɗe mu mu zo da abin da zai riƙe mu. Na biyu, da na isa sai na tarar kwasa-kwasai biyu na cikin yarjejeniyata lokacinsu ɗaya ne, dole na canza guda. Ƙa'ida ta ba da mako biyar daga fara zango a yi irin wannan gyara, amma sai ɓangarori ukun sun sake amincewa. Ni na sa hannu, jami'ar can ta sa, na tura wa ofishinmu na gida. Shiru. Na sake turawa. Shiru. Na ɗauka shirun amincewa ce, ofishin can ma bai bi sawu ba.

Da lokacin tafiya ya yi aka sake turo mana jerin abin yi, tsaf kamar na zuwa: a duba ɗaki, a miƙa makulli, a soke rajistar adireshi, a rufe asusun banki, a cike rahoton ƙarshe ta intanet. Na yi duka. Imel ɗin da ya ce an karɓi rahotona shi ne na ƙarshe da wani ya turo mini ba tare da na roƙa ba. Mako guda cur aka kashe ana shirya mu don shiga baƙuwar ƙasa, ba a kashe ko awa ɗaya ana shirya mu don komawa tamu ba.

Daga baya na gano cewa layin nan da aka zana mana rabinsa aka nuna. Tun a 1963 wasu masana biyu a Amurka, John da Jeanne Gullahorn, suka ce siffarsa ta fi kama da W, wato akwai rami na biyu da ke jiran mutum a gida. Ni kuwa nawa na biyun ya fi na farko zurfi, domin a can na san ni baƙuwa ce, na shirya wa baƙunci. A gida ban shirya wa komai ba.

Makon farko murna ce, 'yan uwa suna ta zuwa sannu da hanya. Kowa zai ce, "Yaya can ɗin?" In buɗe baki in fara, kafin in kai jimla ta uku an koma wata hirar. Ba mugunta ba ce, su ma wata biyar ɗin nan sun yi rayuwarsu: an yi rasuwa ban nan, ƙawata ta kusa ta samu wasu abokan karatu, ƙanina ya koma ɗakina. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na sha jin wannan karin magana amma sai lokacin na gane ta. Idan na ce "a can kuwa", sai in ga fuskoki sun canza, har wata ta ce mini kai tsaye, "Ke fa kin canza." Daga nan na kama bakina. Na daina ba da labari, na koma kwana da waya ina duba hotunan wani gari mai sanyi da na yi ta addu'ar in bar shi.

Umma ce ta lura. Wata rana da dare ta shigo ta zauna a bakin gado ta ce, "Tunda kika dawo jikinki kawai nake gani. Me ke damun ki?" Na ce babu komai, Umma. Ta karɓi wayar daga hannuna, ta nuna hoton farko da ta gani, na wata taga da dusar ƙanƙara a bakinta, ta ce, "To fara mini daga nan." Muka kai ƙarfe ɗaya na dare. Aikin da na so a ce shirin ya tanadi wanda zai yi, ko da zama ɗaya ne da waɗanda suka dawo kafin ni, mahaifiyata ce ta yi shi.

Sai kuma maganar sakamako. Na dawo na tarar an yi mako shida da fara sabon zango a jami'armu, domin kalandar biyu ba ta zo ɗaya ba, kuma babu wanda ya sanar da malamaina dalilin rashina. Da takardar sakamako ta iso daga Jamus na kai wa jami'in jarrabawa na sashenmu. Ya gyara tabarau, ya bi ta da yatsa, ya tsaya a kan 1.7, ya ɗago ya ce, "Malama, ai wannan faɗuwa ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, a tsarinsu 1.0 ce ƙololuwa, 4.0 ce iyakar ci, 5.0 ce faɗuwa. Wannan na cikin mafi kyau da na samu." Ya ce shi ba zai yi aiki da maganar baki ba, in kawo a rubuce. Gaskiyarsa ce, ba laifinsa ba ne, ba a taɓa kawo masa irinta ba. Laifin na ofishin da ya tura ni ne, wanda ya kamata ya ajiye teburin daidaita maki tun kafin in hau jirgi. Kwas ɗin da na canza kuwa aka ce ba a san da shi ba, tunda babu sa hannun gida. Wata huɗu ina zarya tsakanin ofis uku. Shugaban sashenmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ɗauki fayil ɗin da kansa ya kai gaban kwamiti. An amince da kwasa-kwasai huɗu, na biyar ina maimaita shi yanzu, abin da na riga na ci.

Duk da haka idan aka ce in sake zaɓa, zan tafi, ba tare da jinkiri ba. Tarbar da aka yi mini, da jagorata, da ɗakin gwaji, da ƙarfin zuciyar da na samu na tsayawa da ƙafata, ba abin da zan musanya su da shi. A ma'aunina, kashin tafiya da zama ya ci tara cikin goma, kashin dawowa bai wuce uku ba. Wanda zai nema ya zauna da jami'in jarrabawarsa kafin ya sa hannu a yarjejeniyar karatu, ya tambayi yadda za a juya makinsa, ya karɓi amsar a rubuce. Ya gwada kalandar jami'o'in biyu ya ga mako nawa zai rasa. Idan ya canza kwas a can, kada ya huta sai ya ga hannu uku a takarda, ko da zai sa ɗan ajinsu ya taka har ofishin.

Biyu daga cikin ƙannen namu sun samu gurbin bana, za su tashi a Satumba. Na buga musu teburin makin da na sha wuyar samowa, na sa shugaban sashe ya buga masa hatimi, kowa ya sa kwafi a jakarsa, na bar ɗaya a wurin jami'in jarrabawa. Na kuma rubuta ranar dawowarsu a kalandata, mun yi alkawarin zama a makonsu na uku a gida, lokacin da masu sannu da hanya suka ɗauke ƙafa.