Na leƙa rumbun ajami na Jami'ar Boston, ga yadda na gan shi

Jama'a duk wanda ya taso gidan da ake ajiye takardu a gafaka ya nemi African Ajami Library a intanet ya duba, kyauta ne ba a biyan ko sisi, data ɗinka kawai zai ci. Aikin Jami'ar Boston ne a Amurka, Farfesa Fallou Ngom ɗan Senegal ke jan ragamarsa, kuma a ɓangaren Hausa akwai hannun Dakta Mustapha Hashim Kurfi na BUK. Abin da suke yi shi ne su bi masu takardun ajami har gida su ɗauki hotonsu shafi-shafi, takardar ta zauna wajen mai ita, hoton ya hau intanet. Wannan kaɗai ya burge ni, don mun san yadda a da ake kwashe takardu a tafi da su shi kenan sai labari.

Hotunan sun fita tas wallahi. Kana zumin za ka ga inda alƙalami ya ɗebo tawada da yawa ya yi kauri, ka ga wasulla da jan tawada, ka ga gefen da gara ta ci da inda wani ya ƙara bayani a karkace don fili ya ƙare masa. Rubutun irin namu ne na Warshu, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga imala ɗin nan ɗigo a ƙarƙashin baƙi da ke ba da sautin e. In ka yi allo idonka zai gane hanya nan take, in kuma ajaminka bai wuce karanta "naira dubu" a jikin kuɗi ba to sai ka yi haƙuri da kanka, don kowane marubuci da hannunsa, wani ma kalma ɗaya sai ya rubuta ta iri biyu a shafi guda.

Ba Hausa kaɗai ba ce, akwai Wolof da Mandinka da Fulfulde. Akwai kuma wani reshen aikin da hukumar NEH ta Amurka, mai tallafa wa binciken tarihi da al'adu, ta ɗauki nauyi, can suka zaɓi wasu takardun suka mayar da su boko sannan suka fassara zuwa Turanci da Faransanci, wasu har da muryar mai karantawa ko rerawa. Ɗalibin da ke rubuta furojet a Hausa ko tarihi ya fara daga nan kawai.

Abin da nake fata shi ne a samu ƙofar shiga da Hausa. Bayanin shafin da Turanci yake, alhali waɗanda za su karanta takardun nan kamar ruwa malaman zaure ne da gardawa, mutanen da har yau ake cike musu fom a sa wai ba su iya karatu ba. Su ne za su ce maka wannan waƙar ta wane ce, kuma an tsallake baiti a nan. Kafin nan dai ka sauke a wayarka inda netwok ke da ƙarfi, da dare ya fi, ka kai wa malam bayan la'asar ku duba tare, amma ka tafi da caji cike don ba zai sake maka wayar da wuri ba.