Gargaɗi ga masu haɗa ƙananan jiragen fasinja: a yi hattara da mai "kayan marigayi"

Jama'a, akwai wani macuci da ke yawo a zaurukan masu haɗa ƙananan jiragen sama na roba, musamman mu da muka fi karkata ga jiragen fasinja, kuma gara kowa ya san salonsa tun bai ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Ba zan kawo suna ba domin sunan ba ya daɗewa. Yau ya zo da wannan, gobe da wancan, hoton fuskar ma na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ba ya canzawa shi ne labarin da yake bayarwa.

Labarin kuwa na rasuwa ne. Zai ce mahaifinsa ko wani kawunsa ya rasu ya bar ɗaki maƙil da kwalayen da ba a haɗa ba, shi kuma bai san kan harkar ba, burinsa kawai kayan su faɗa hannun waɗanda suka san darajarsu. Sai ya jero hotuna: Concorde na kamfanin Heller a ma'aunin 1/72 (wato an rage girman jirgin gaske sau 72), tsohon kwalin kamfanin Airfix na jirgin VC10 da fentin BOAC, tsohon kamfanin jiragen Birtaniya, Boeing 747 na kamfanin Hasegawa a 1/200, ga takardun tambari (zanen da ake jiƙawa a ruwa a manna a jikin jirgi) na Pan Am, kamfanin jiragen da ya rufe tun 1991. Wai mutumin da bai san komai ba, amma duk abin da ya ɗora daidai yake da abin da masu haɗa jiragen suka daɗe suna nema. Wannan jahilcin na ƙarya aiki biyu yake yi masa. Yana sa arahar ta zama kamar mai dalili, sannan duk tambayar da ka yi masa game da cikin kwalin sai ya ce wallahi bai gane ba, yana kuma tsoron buɗewa kada ya ɓata wani abu. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Yana da wata ƙofar ta biyu. Idan ka sa cigiya cewa kana neman wani jirgi da aka daina bugawa, sai wani sabon asusu ya turo maka saƙo ta bayan fage: wai wani abokinsa yana da shi, ga imel ɗinsa. Abokin da mai turo saƙon duk mutum ɗaya ne.

Wajen biyan kuɗi ne asirinsa yake fara tonuwa. Idan PayPal ne, zai nace ka tura ta hanyar 'yan uwa da abokai maimakon ta sayen kaya, wai don a guje wa cajin kamfanin. Waccan hanyar ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan, shi ya sa yake son ta. In ka ƙi, sai ya koma kan katin kyauta ko kirifto. Wani lokacin kuma yakan yarda da hanyar da ke da kariya, amma sai ya mayar da cinikin na jira: kayan suna gidan marigayin a wani gari, ana kan rabon gado, ka ba da kafin alƙalami ka yi haƙuri. A PayPal wa'adin kai ƙarar kayan da ba su iso ba kwana 180 ne daga ranar biya. Duk uzurin da yake kawowa, da hoton kwalin da aka naɗe, da addu'o'in da yake yi maka, jan lokaci ne har wa'adin ya wuce.

Wanda ba a turo masa komai ba ya fi saurin gane an cuce shi. Wanda aka turo wa wani abu shi ne ke shan wahala, domin lambar bin sawun kaya za ta nuna cewa saƙo ya isa, macucin kuma da ita zai kare kansa. Abin da ke zuwa ɗan ƙunshi ne da bai fi tafin hannu biyu ba, ciki wani ɗan jirgin wasan yara na ƙarfe da aka riga aka haɗa, tsawonsa bai wuce santimita 16 ba, tagoginsa bugu ne, injinansa a karkace. Lissafin nan kowa zai iya yinsa kafin ya karɓi kaya. Boeing 747-400 na gaske tsawonsa ya ɗan haura mita 70. A ma'aunin 1/144 zai kai kusan santimita 49, a 1/200 kuma kusan 35. Airbus A380 faɗin fukafukansa ya kusa mita 80, wato kusan santimita 55 a 1/144. Ko Boeing 737-800, da muke kira ƙarami, tsawonsa ya haura santimita 27 a 1/144. Rabin gangar jirgi guda ɗaya ake zubo ta daga hanci har wutsiya a yawancin irin waɗannan kwalaye, saboda haka kwalin ba zai taɓa gajarta fiye da gangar ba. Idan nauyi da girman da ke jikin takardar kamfanin aika kaya ba su dace da wannan ba, ka ɗauki hotonsu tun ba ka buɗe ba.

Akwai kuma wanda kwalin na gaske ne, a naɗe cikin ledarsa kamar daga masana'anta. Naɗe kwali da leda ba wani aiki ba ne, na'urar hura zafi kawai ake buƙata. Ka buɗe ka tarar an cire firam (sandunan robar da sassa ke zuwa a maƙale da su) na gilashin direbobi, ko injin guda babu, ko takardar tambari ta yi layar zana. Jirgin fasinja kuwa ba kamar na yaƙi ba ne da za ka rufe da fentin ɓad-da-kama ka wuce. Rabin kyansa yana jikin takardar nan: jerin tagogi, zanen ƙofofi, sunan kamfani, tambarin wutsiya.

A nan ne cutar ta fi ciwo, domin ba a gane ta sai aiki ya zo ƙarshe. Wasu daga cikin takardun tambarin da yake sayarwa kwafi ne. An ɗora ta asali a na'urar sikana, an buga a firintar gida. A ido, cikin ledarta, ba laifi. To ka gama cike tsagar da ke bayan gangar, ka goge, ka fesa fari har sau nawa ne, ka jira ya bushe, ka bi da mai sheƙi. Ka yanko tambarin wutsiya ka tsoma a ruwa mai ɗumi kamar yadda aka saba. Kafin ya saki takardarsa sai ka ga ruwan kofin yana rinewa, jan yana malala, baƙin layin tagogi yana bajewa a yatsanka. In ma tawadar ta tsaya, akwai matsalar fari. Firintar gida ba ta buga farin launi, farin takarda take dogara da shi, fatar tambarin kuma garai take kamar gilashi. Saboda haka farin kangarun Qantas da ya kamata ya fito a kan jar wutsiya, ko farin tsuntsun Lufthansa a kan shuɗi mai duhu na fentin da suka fito da shi a 2018, da ka ɗora sai ya ɓace cikin launin da ke ƙasa. Ta asali ana buga mata farin a matsayin launi mai zaman kansa. Ka sa gilashin ƙara girma a kan ƙananan rubuce-rubucen ƙofa: na gaskiya gefensu a yanke yake tsaf, na kwafi ɗigo-ɗigo ne.

A yi adalci, akwai ƙananan masu buga tambari na gaskiya da ke amfani da firintar leza, kuma suna faɗa a fili cewa takardarsu sai a kan farin fenti, dole kuma ka yanka kowane zane daf da gefensa. Waɗannan sana'a suke yi. Macuci shi ne wanda ya kwafi aikinsu ya ce maka na asali ne. Tsohuwar takarda ta gaskiya ma tana iya yin rawaya ko ta farfashe a ruwa, wannan tsufa ne, mai sayarwa na kirki zai gaya maka.

Maganar "an daina yi, ba za ka ƙara gani ba" ita ma a riƙa tauna ta. Ƙarfen da ake zuba roba a ciki yana da tsada, ba a yar da shi haka kawai, shi ya sa jirgi ɗaya yakan sake fitowa da sabon kwali ko a ƙarƙashin wani kamfanin. Boeing 777-300ER da 787-8 da kamfanin Revell ya sayar, robar kamfanin Zvezda ce a ciki. Rumbun Scalemates na intanet yana nuna tarihin kowane kwali da lambarsa da sake fitowarsa, a duba kafin gaggawar wani ta kwashe mutum.

Gwajin da ban ga ya taɓa tsallakewa ba shi ne na sabon hoto. Ka ce ya buɗe kwalin ya shimfiɗa duk firam-firam ɗin, da takardar tambari, da littafin umarni a buɗe a shafin taswirar sassa, ya ajiye wata takarda da ya rubuta sunanka da kwanan wata da hannu. Tunda yanzu ana iya liƙa rubutu a kan hoton sata, ya fi kyau ya zama ɗan bidiyo ne yana juya firam ɗin har ka ga harafin da ke jikinsa ka gwada da na taswira. Hotunansa na farko kuma ka zuba su a Google Lens, sau da yawa za ka tarar da su a wani tsohon gwanjo, da tebur ɗin da labulen duk iri ɗaya. Mai kaya a hannu minti biyar ya ishe shi. Wannan kuwa zai ce kyamararsa ta lalace, ko akwai mutum uku a layi, ko ya nuna ransa ya ɓaci wai ana zarginsa alhali yana cikin makoki.

Wanda ya riga ya biya, kada ya jira alkawarin mako mai zuwa. Ya adana hoton duk hirar kafin a toshe shi, ya shigar da ƙara a inda ya biya yau ɗin nan, in da kati ne ya nemi bankinsa ya janyo kuɗin. Ya kuma kai wa masu kula da zauren lambar asusun da aka tura wa kuɗi da adireshin imel ɗin, domin su ne suka fi sunan daɗewa ba a canza ba.