Injin tartsatsi ya gyara mini mol, gaggawata ta ɓata mini dayis

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga murafun jarka da na robar man gyaɗa a wani ɗan shago a Sharaɗa, nan Kano. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa dukiyarmu ba injin ba ce, mol ne, wato ƙarfen da ake tura narkakkiyar roba a cikinsa ta ɗauki siffa. Idan fuskar mol ta lalace, kaya sun lalace. Nawa ya fara riƙe murfi tun bayan sallar layya: sai yaro ya sa sukuddireba ya ɓanɓaro, kuma kowane ɓanɓara ƙarin tabo ne. Mun gwada sandfefa, mun gwada dutsen guga. Ramukan da ke fitar da haƙoran murfin sun yi ƙanƙanta, hannu ba ya shiga, kuma ƙarfen an riga an ba shi wuta ya yi tauri, magagari zamewa kawai yake yi a kansa.

Wani abokin sana'a ne ya tura ni wurin masu injin da ake kira EDM. Ni dai injin tartsatsi nake ce masa, domin abin da yake yi ke nan. Babu wuƙa, babu haƙori, babu abin da ke taɓa ƙarfenka. Ana sassaƙa jan ƙarfe ko girafait (irin baƙin nan na cikin fensir) daidai siffar ramin da ake so, a nutsar da shi tare da mol ɗin cikin wani mai na musamman, a matso da su har tazarar da ke tsakani ta gaza kaurin gashi. Sai a saki wuta. Tartsatsi dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kowanne yana narkar da ɗan ƙwayar ƙarfe da zafin da ke kai digiri 8,000 ko fiye, man kuma yana sanyayawa yana kwashe dattin. Taurin ƙarfe bai dame shi ba, muddin dai wuta na bi ta cikinsa. Saurayin da ke kula da injin, wanda kowa ke kira Injiniya, ya ce mini wasu miji da mata ne 'yan Tarayyar Sobiyat, masu suna Lazarenko, suka gano dabarar a 1943 suna binciken yadda tartsatsi ke cinye makunnan lantarki. Abin da ke yi musu ɓarna suka mayar kayan aiki. Wannan ya burge ni.

Aikin farko ya ɗauki kwana huɗu, kuma na yi ƙorafi tun a rana ta biyu. Na ce, "Injiniya, ramin da bai kai ƙwayar gero zurfi ba ne zai cinye mako?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, cire ƙarfen ba shi ne aikin ba, fuskar ce aikin." A nan ya nuna mini abin da ban sani ba. Idan aka buɗe wuta sosai, injin yana ci da sauri amma yana barin fuska kamar ta wanda ya yi ƙyanda, ramuka manya manya. Sai a rage wuta a sake bi, a sake ragewa a sake bi, kowane zagaye yana share ramukan na baya yana barin ƙanana. Zagayen ƙarshe kusan ba ya cire komai, amma shi ya fi cin lokaci. Jan ƙarfen ma yana cinyewa, don haka guda biyu suka sassaƙa, ɗaya na sara ɗaya na gyaran fuska. Ya fito da wani faranti mai murabba'ai, kowanne da irin laushinsa da lambarsa, ma'aunin da ake kira VDI 3400, ya ce in shafa in zaɓa. Na zaɓi mai santsi sosai don cikin ramukan, na zaɓi mai ɗan kaushi don saman murfin, domin hannun mai sayar da man gyaɗa kullum da maiƙo yake.

Da na ɗora mol ɗin, murfi ya riƙa faɗowa da kansa. Saman kuma ya fito da wani irin kaushi mai kyau, bai ɗaya daga gefe zuwa gefe, irin wanda nake gani a kayan waje ina zaton fenti ne. Sukuddireba ya koma akwati. A kan wannan aikin ba ni da ta cewa, ko da yake kuɗin ya ciji aljihu, don da awa suke lissafi, kuma rabin awannin a kan janareta aka yi su.

Na biyun ne ya koya mini hankali. Ina da dayis, wato ƙarfe mai kaifin baki da inji ke bugawa ya yanke siffa, na yankan wosha, waɗannan ƙananan zobban ƙarfe, da nake yi wa wani mai haɗa kujeru. Bakinsa ya dakushe, mai kaya yana matsa mini. Wannan karon da waya suka yanka, siririyar wayar tagulla mai kaurin kusan milimita 0.25 da ke gudu cikin ruwan da aka tace, ita ma ba ta taɓa ƙarfen. Na ce zagaye ɗaya ya isa, ba ado nake nema ba. Injiniya ya ce, "Alhaji, a bari mu ƙara bi ko sau biyu ne." Na ce a'a. Ya yi shiru, ya yi yadda na ce.

Ba a rufa mako ba bakin dayis ya fara ɓalgacewa. Dalilin, kamar yadda ya bayyana mini da na koma ina sosa ƙeya, shi ne ba duk ƙarfen da tartsatsi ya narkar ne ruwa ke tafiya da shi ba. Wani yana sake daskarewa nan take a kan fuskar, ya zama wata siririyar fata mai tauri amma mai saurin karyewa, da tsage tsagen da ido ba ya gani. A mol ɗin roba ba ta cika damun mutum ba. A dayis da ke shan duka dubban sau a yini, daga nan karaya ke farawa. Zagayen da na hana su yi, shi ne ke rage kaurin fatar nan, sannan a bi da dutse a goge sauran. Laifina ne, amma ina da ƙorafi ɗaya a kansu: da ya faɗa mini wannan bayani tun farko maimakon "a bari mu ƙara bi", da ban yi gardama ba. Na ɗauka awanni yake son ƙarawa.

Zan sake kai musu aiki, amma ba kowanne ba. Abin da injin gurza ko na huda zai iya, can zan kai, ya fi sauri ya fi araha. Tartsatsi sai ga ƙarfen da aka riga aka taurara, ko kusurwa mai kaifi a cikin rami, ko ƙarfen yanka zare, wato haƙoran da noti ke bi, da ya karye a cikin huda, wanda na ga sun cire wa wani bakanike ba tare da sun taɓa zaren ba. Dayis ɗin na mayar an sake yanka shi zagaye uku, yanzu wata na biyu ke nan yana aiki.