Na'urar auna kitsen bayan alade: abin da na gani bayan na yi aiki da ita

Mai shagon da ya sayar mini da ita ya ce aladuna za su riƙa zuba 'ya'ya. Wannan zancen kasuwa ne. Na'urar ba ta ƙara ko ɗa ɗaya, amma tana nuna wace budurwar alade ce ta isa barbara, wace ce kuma ta yi ƙibar da za ta cuce ta, kuma don haka kaɗai ban yi asarar kuɗina ba.

Aikinta ba wuya. Za ka laluba haƙarƙarin ƙarshe, ka matsa kamar santimita 6.5 daga tsakiyar baya, ka aske gashin wurin, ka shafa man gyaɗa, ka ɗora kan na'urar. Sai ta nuna kaurin kitse da milimita. Abin da ake so ga budurwar da za a kai wa namiji karon farko shi ne kitse wajen milimita 15 zuwa 18, nauyinta kilo 135 zuwa 150, tana da wata bakwai zuwa takwas, kuma ba a karon farko da ta nemi namiji ba, sai na biyu ko na uku.

Inda ta fi yi mini amfani shi ne wajen masu ƙiba. Mu nan kudancin Kaduna idonmu ya saba da kasuwar Kafanchan, inda alade mai tsoka da kitse ke kawo kuɗi, sai mu ɗauka uwa ma haka ake son ta. Wadda kitsenta ya haura 21 lokacin haihuwa naƙudarta kan yi tsawo, wasu 'ya'yan su zo a mace, ga ta ba ta cin abinci sosai tana shayarwa, nono ya yi ƙaranci. Ramammiya kuwa, ƙasa da 12, takan haihu lafiya, sai dai shayarwa ta tsotse ta, bayan yaye ka yi ta jira ba ta nemi namiji ba. A cikin waɗanda ba su yi ƙiba ko rama haka ba, ban ga wani bambanci a yawan 'ya'ya ba tsakanin mai 15 da mai 18. Ƙara abinci kwana 10 zuwa 14 kafin barbara ya fi tasiri a nan.

Na'urar tana da nata matsaloli. Idan alade ba ta tsaya cik ba, lamba sai ta yi ta tsalle, don haka a lokacin cin abinci nake aunawa. In ka danna da ƙarfi ka matse kitsen, za ta ba ka ƙasa da gaskiya. Sannan waɗannan lambobin na aladun Turawa irin su Large White da Landrace ne, kada ka ɗora su a kan aladun gida.

Mai uwa biyu ko uku, taɓa kwankwasonta da tafin hannu don jin kitse ya ishe shi. Masu garke babba, ko maƙwabtan da za su haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓa, su saya.