Kwamitin manhaja na tsangayarmu: yadda ya gyara mini kwas, da inda ya wahalar da ni

Shekara tara ke nan ina koyar da tarihi a ɗaya daga cikin jami'o'in da ke nan Katsina, kuma abu ɗaya ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai taso daga Masanawa, ya yi shekara huɗu a sashenmu, ya fita da digiri yana iya kawo maka labarin juyin juya halin Faransa na 1789 tiryan-tiryan, amma in ka tambaye shi wane ne Wali Ɗan Masani, wanda unguwarsu ta ci sunansa, sai ya ce ai waliyyi ne, ya tsaya nan. Wannan ya sa na rubuta sabon kwas a kan tarihin ilimi da malamai a ƙasar Katsina, na kai shi gaban kwamitin manhaja na tsangayarmu. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na ga aikin wannan kwamiti a matsayin wadda ta je neman biyan buƙata a wurinsa, don malaman da ke shirin bin wannan hanya su san abin da ke gabansu.

Ƙofar da na bi ba tsohuwa ba ce. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin manhaja da ake kira CCMAS, wanda ya maye gurbin tsohon kundin, BMAS na 2007. Tsarinsa shi ne hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ƙungiyarmu ASUU ta yi ƙorafi a 2023 cewa kashi 70 ɗin nan shiga hurumin majalisar dattawan jami'a ne, kuma ina ganin ƙorafin yana da tushe. Amma ni a lokacin kashi 30 ɗin nake kallo. Digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120, yunit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwas. In ka cire 84 na hukuma, saura 36. A kan waɗannan 36 ɗin ne kowane malami a sashe yake son ya kafa nasa kwas, kuma ni biyu kacal nake nema, ga 'yan aji uku.

A sashe ban sha wuya ba. Mun zauna, an yi 'yar muhawara, shugaban sashe ya sa hannu ya tura tsangaya. Daga nan ne hanya ta fara duhu.

Ranar da na kai takarduna shafi huɗu ofishin tsangaya, Hajiyar da ke riƙe da ofishin ta buɗe su, ta duba sama da ƙasa, ta ce, "Malama, wannan ko na karɓa dawo miki da shi za su yi. Ina bayanin dacewarsa da manufar jami'a? Ina abin da ɗalibi zai iya yi in ya gama?" Na ce ranki ya daɗe, ba wanda ya faɗa mini ana son wannan. Sai ta jawo durowa ta ɗauko wani kwas da aka riga aka amince da shi, ta ce in je in yi fotokwafi in bi tsarinsa. A nan na ga abin da ake so: lambar kwas mai ɗauke da gajeren sunan jami'a a gaba, don a bambanta shi da na hukuma, yawan yunit, awannin lacca da na aikin zahiri, dalilin kawo shi, taƙaitaccen bayani, manufofi, abin da ake sa ran ɗalibi zai iya, ƙunshiya, sannan kayan aikin da dole a tanada. Babu abin da ya fi ƙarfin mutum a ciki. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, duk wannan yana cikin durowar mutum ɗaya da ƙwaƙwalwarta. Da ranar ba ta zo aiki ba, ko da na tarar da wanda bai damu ba, da na yi asarar zama guda cur. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da alheri, amma bai kamata sanin hanya ya dogara da kirkin wani ba.

Na sake rubutawa, ya koma shafi tara. Aka ce in kawo kwafi goma sha biyar, kowane mamba da nasa. Daga aljihuna na biya, a shagon da ke bakin ƙofa. A zamanin da kowane malami yake da WhatsApp da imel, ban ga abin da ya hana a tura musu ta waya ba.

Sau biyu ana sa ranar zama ana ɗagawa. Na farko mambobin da suka zo ba su kai adadin da ake buƙata ba, na biyu ya ci karo da jarrabawa, kowa yana ɗakin sa ido. Duka biyun sai da na zo na zauna a benci a baranda kafin na ji labari.

To amma da aka zauna, wallahi an yi aiki. Wannan ɓangaren ne nake son in daɗe a kansa, domin kafin in shiga ɗakin na ɗauka sa hannu kawai ake yi a wuce.

Wani dattijon farfesa ne ke shugabanta, kowane sashe na tsangaya da wakilinsa. Kwafin da ke gabansa ya sha jan biro tun daga shafin farko. Bai tambaye ni ko Katsina tana da tarihin da ya isa a koyar ba, wannan kowa ya sani. Cewa ya yi, "Dakta, kin rubuta ɗalibi zai fahimci gudummawar malaman Katsina. Mi za ki gani a takardar jarrabawa ki san ya fahimta?" Na fara bayani, ya ɗaga hannu a hankali. Ya ce fahimta a zuci take, ba a auna ta. In rubuta abin da ido zai gani: ɗalibi zai iya jera silsilar malamai uku, wa ya karanta a wurin wa, zai iya kwatanta karatun zaure da na makarantar boko ta farko, zai iya ɗaukar tarihin baka daga bakin dattijo ya rubuta shi bisa ƙa'ida. Na koma gida na gyara manufofi bakwai a kan wannan ma'auni, kuma sai da na gyara su na gane cewa biyu daga ciki ba ni da hanyar koyar da su ko kaɗan. Na cire su.

Wakilin sashen nazarin addinin Musulunci shi ya kawo maganar da ta fi zafi. Ya ce zuwan Shehu Al-Maghili Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, da Ɗan Marina, da Ɗan Masani, duk suna cikin wani kwas nasu, kuma sashen Larabci ma yana karantar da waƙoƙin malaman ƙarni na 17. Ashe ba maimaici za a yi ba? Gaskiya na ji abin a raina, don na ga kamar ana so a ƙwace mini gona. Amma yana da hujja, kuma ya zo da ƙunshiyar kwas ɗinsu a hannu. Kusan rabin awa aka yi a kan wannan kaɗai. Inda aka tsaya shi ne su riƙe fiƙihu da nassin rubuce-rubucen, ni in riƙe mutane da wurare: yadda fatauci ta hanyar Agadas ya kawo malamai da littattafai, yadda unguwanni suka kafu a kewayen gidajen malamai, dangantakar malamai da fada tun daga zamanin Muhammadu Korau, da kuma yadda aka yi garin ya fitar da mutum irin Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da hatimi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Kwas ɗin ya fi kyau bayan wannan iyaka fiye da yadda na kawo shi. Da ni kaɗai ce, da ban taɓa sanin abin da maƙwabtanmu ke koyarwa a bene na sama ba.

Sai maganar awanni. Yunit ɗaya awa 15 ne na lacca a zango, ko awa 45 na aikin zahiri. Ni na rubuta awa 30 na lacca, sannan na cusa ziyarce-ziyarce a ciki kamar ƙari. Wata malama daga sashen Hausa ta ce wannan yaudarar kai ce, ziyarar da ba ta da awanni a takarda ita ce farkon abin da ake yarwa in zango ya ƙure. Ta ba da shawara a raba: awa 15 a aji, awa 45 a waje. Haka aka yi. Yanzu zuwa hasumiyar Gobarau, da hubbaren Ɗan Marina, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kuma yau gidan tarihi ne, duk suna da maki a kansu.

Na sa 'Yandoto, tsohon garin malamai, a jerin wuraren ziyara, domin ba a maganar ilimi a tsohuwar ƙasar Katsina a tsallake ta. Kwamiti ya ce a cire. Ba wanda zai sa hannu a ɗebi 'ya'yan mutane a mota a bi da su wannan hanya a halin da ake ciki na rashin tsaro. Ban yi gardama ba, ko da yake ya yi mini ciwo. Aka bar ta a lacca, aka bar Daura a jerin ziyara, da sharaɗin in rubuta wa zai biya kuɗin mota.

Tambayar ƙarshe ita ce wadda har yau nake tunawa. Farfesa ya cire tabarau ya ce, "In kin tafi hutun bincike na shekara, ko Allah ya kai ki wata jami'a, wa zai ɗauki kwas ɗin nan?" Ya ce ya ga kwasa-kwasai da yawa da aka kafa don son mutum ɗaya, mai su ya tafi, suka zauna a littafin jagoran ɗalibai shekara da shekaru ba mai koyarwa, sai masu tantancewa na NUC daga Abuja sun zo su tambaya a rasa amsa. Kuma tantancewar nan ba wasa ba ce: cikakkiyar amincewa shekara 5 take yi, ta wucin gadi shekara 2, in aka hana kuwa sai a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a shirin. Sai da na kawo sunan malami na biyu da ya yarda a rubuce, da jerin littattafan da suke a ɗakin karatunmu da gaske, ba waɗanda nake da su a gida ba, sannan suka wuce da shi.

Inda suka sake gazawa shi ne bayan zaman. Gyare-gyare kusan goma aka faɗa da baki, ina rubutawa a bayan ambulan. Na jira takardar da za ta lissafa su a hukumance, ba ta zo ba sai bayan na riga na mayar da gyararren kwafi, kuma da ta zo akwai abu ɗaya a ciki da ban ji an faɗa ba. Na sake bugawa. Haka kuma cikin mambobin akwai biyu da a gabana suka fara buɗe kwafinsu, ba su ce uffan ba har aka tashi. Nauyin karatun duka a kan mutum huɗu yake. In waɗannan huɗun suka gaji ko suka yi ritaya, ban san abin da zai rage ba.

Wani giɓi da na gani, ba a ji ta bakin ɗalibi ko ɗaya ba. Su ne za su ɗauki yunit 15 zuwa 24 a kowane zango, su suka san ranar da lacca uku ke cin karo. Ko tsofaffin ɗalibanmu da ke koyarwa a sakandare, da an tambaye su abin da suka rasa da suka shiga aji, da an ƙaru.

Daga kwamiti takarda ta je babban zaman tsangaya, daga nan ofishin tsare-tsaren karatu inda aka sake ƙirga yunit, sannan kwamitin majalisar dattawa, sannan majalisar kanta. A waɗannan matakai ba a kira ni ba, kuma ba a canja ko kalma ɗaya ba, abin da ya nuna mini cewa tankaɗe da rairayar duk a tsangaya aka yi su. Tun daga ranar da na shiga ofishin Hajiya zuwa ranar da aka amince, wata goma sha ɗaya. A ƙiyasina, aikin gaske bai wuce na wata uku ba, sauran duk jira ne.

Ga wanda zai kai kwas, shawarata ita ce kafin ka rubuta komai ka nemi wanda aka riga aka amince da shi ka ga tsarinsa, ka zagaya sassan da ke kusa da naka ka karɓi ƙunshiyar kwasa-kwasansu, ka nemi wanda zai riƙe maka in ba ka nan. Ka kuma tambayi ranar zaman majalisa ka ƙirgo baya, don in zango ya fara ba a amince ba, sai wata shekara. Ni kuma na rubuta wa shugaban tsangaya takarda ina roƙon abu uku: a fitar da jagora mai shafi biyu a manna a allon sanarwa, a sa ranakun zaman kwamiti tun farkon shekara, a riƙa ba mutum gyare-gyarensa a rubuce cikin mako guda. Ya ce za a duba, ina nan ina bibiya.

Zangon da ya wuce muka fara, ɗalibai ashirin da shida suka zaɓi kwas ɗin. Aikin farko da na ba su shi ne wanda Farfesa ya sa na rubuta: kowa ya koma unguwarsu ya nemo silsilar malamin zaure ɗaya, wa ya karantar da shi, wa ya karantar da malaminsa. Wata yarinya daga Gambarawa ta kawo mini suna shida a jere, ta ce kakanta ne ya zaunar da ita bayan la'asar ya lissafo mata su.